Fuskar Yaya, Sunan Inna

Ni mai gardama da tele ce. 'Yata ta sha gaya mini cewa mutanen da ke cikin akwatin ba sa jina, ni kuma na sha ba ta amsa cewa ba don su ji nake yi ba, don kada cikina ya kumbura ne. In mai karanta labarai ya ce an samu ruwa a jihar Tawa alhali mu a Madawa ko ɗigo ba mu gani ba, sai na tanka masa. Na daɗe ina koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko, bakina ya saba da gyara. Amma akwai shiri guda da in aka sa shi nake yin shiru, har yaran gida su riƙa leƙen fuskata ko lafiya.

Shirin tarihi ne a kan shekarun tamanin, wanda wani gidan tele na Yamai ya yi 'yan shekarun baya, yake kuma maimaita shi duk sa'ad da ya rasa abin sawa. Bai cika awa guda ba. Shekara goma aka cusa a ciki kamar yadda ake cusa kaya a buhu, abin da ya ƙi shiga aka bar shi waje. Kaso mai tsoka na shirin a kan ƙasarmu ta Keita yake: fari, yunwa, da aikin gyaran ƙasa da ya biyo baya, wanda mu muke ce wa furoje kawai, kamar babu wani furoje a duniya.

Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun yi ƙoƙari. Sun samo tsofaffin hotuna masu motsi da baƙin furoje suka ɗauka a wancan lokaci. Tsaunukan da ke ciki namu ne, tsirara, jajaye, babu ko abin da akuya za ta lasa. Faƙon nan da in aka sare shi da diga sai ta yi tsalle ta dawo, shi ne. Layin mata da duwatsu a ka, suna gangarowa daga tudu suna jera gandari, ɗan bangon duwatsu, don ya tare ruwa, haka yake. Taraktoci, manyan motocin hatsi, gwangwanayen mai, duk na gane su. Ko ƙurar da ke tashi bayan mota ta yi kama da ƙurarmu.

Abin da ya fara ba ni haushi sarewa ce. Sun ɗora wata sarewa mai sa kuka a kan komai, tun daga farko har ƙarshe, ko mace ce ke ɗaura ɗankwali sai an busa mata. Mu ba mu ji wata sarewa ba. Abin da muka ji shi ne ƙarar diga, da usur ɗin mai gadin aiki, da surutun mata wanda ba ya yankewa. Mun ji yunwa, ba na musu, na san ɗanɗanon tuwon jar dawar taimako wanda ba ya kama ciki. Amma a cikin shekarun nan an yi aure, an yi suna, an yi faɗa a bakin rijiya a kan wa ya riga wa. Mata sun ba hammata iska saboda gwangwanin mai da ya ƙare, don shi ne guga, shi ne mudu, in aka fasa shi aka miƙe kuma shi ne ƙyauren ɗaki. Tsofaffi sun ƙi cin naman gwangwani saboda ba a san wanda ya yanka ba, har sai da yunwa ta ba su fatawa. Muna shanya batir a rana don rediyo ya ƙara mana ko waƙa ɗaya. Babu ko ɗaya daga wannan a shirin. Wanda ya kalle shi zai ɗauka shekara goma muka yi muna tafiya a hankali, kai a sunkuye.

Da iyakar abin ke nan, da na yi gardamata na kashe tele na kwanta. Abin da ya ɗaure mini baki daban ne, kuma sai na koma baya kaɗan kafin a gane shi.

Mu uku ne muka rayu a ɗakin Inna: Yaya, ni, da ƙanena. Tsakanina da Yaya akwai biyu da ba su zauna ba, shi ya sa ta ba ni shekaru da yawa. Yaya 'yar fari ce, Inna kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. "Waccan" take ce mata. Da aka yaye ta aka kai ta wurin kakarmu a wani ƙauye wajen Buza, can ta girma. In ta zo ganin gida ta shiga ɗaki, sai Inna ta tuna akwai abin da ta bari a murhu. In an tambaye ta 'ya'yanta nawa, daga kaina take fara lissafi. Ina ƙarama na ɗauka ba ta son ta ne. Sai da na lura cewa duk ranar da aka dama fura, Inna na ware mai kaurin a ƙaramin ƙoƙo ta rufe da faifai, ta kira ni gefe ta ce, "Kai ma waccan, ki ce ke kinka rage."

Da fari ya yi tsanani maza suka watse ci-rani, Babanmu ya yi kudu, mijin Yaya ma da ba su daɗe da aure ba ya bi sahu. Kaka ta rasu a tsakanin nan. Sai Yaya ta dawo gidanmu da 'yar akwatinta, a karon farko ta zauna tare da uwar da ta haife ta. Ba ta kai ashirin ba. Doguwa ce, mai wushirya, da tsagen gidanmu a kumatu irin na Inna sak. Tana da dariya mai ƙarfi wadda ake jiyowa daga bayan danga. Tana son lalle kamar me, ko a shekarar da babu abin sawa a tukunya sai ta san inda ta samo shi ta ƙunsa. Tun da aka sa ni lakwal ta laƙa mini "madam", in na yi fushi ta durƙusa ta ce a yi mata aikin gafara, kada madam ta kore ta daga aji. Tana kwaikwayon mai usur, yadda yake tura ciki gaba yana kumbura kumatu, har ranar da ya kama ta tana yi, shi ma dariya ta ƙwace masa.

Ita da Inna rukuni ɗaya aka sa su a wurin aiki. Ranakun da babu lakwal nakan bi su da ƙanena a goye, don lokacin yana shan nono. Aikin dutse yana da ƙa'idarsa, wadda shirin bai nuna ba. Babban dutse mace ba ta ɗora wa kanta, ba ta kuma jefar da shi in ta iso, don zai iya tafiya da wuyanta ko ya faɗa a ƙafar wata. Sai an kama an aza mata a kan gammo, in ta kai layi kuma ta tsaya har wata ta zo ta kama mata su sauke tare. Saboda haka kowa na lura da kowa. Inna ta sauke wa matan garinmu kaf, har da waɗanda ba sa ga maciji da ita. Yaya kaɗai ba ta taɓa sauke wa ba. In Yaya ta iso ta tsaya da kaya, Inna na duƙe tana gyara jeri, ba ta ɗago ba, sai dai a ji ta ce wa ta kusa da ita, "Sauke ma waccan, ta daɗe tsaye." Har yau ban san da wane ido take ganin ta ba.

Yaya ta rasu a ƙarshen shekarun, da bazara, sanƙarau ya ɗauke ta cikin 'yan kwanaki. Lokacin itatuwan da suka dasa sun fara kai wa gwiwa. Ba ta bar ɗa ba. Mijinta ya dawo ya yi kukansa, daga baya ya yi wani aure a wani gari, ban ga laifinsa ba. Inna ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Ta zauna fuskarta na kallon bango, masu gaisuwa na yi wa gwaggonninmu ta'aziyya da ƙarfi don ta ji. Babu hoton Yaya ko ɗaya a gidanmu. Wa ke da hoto a lokacin, in ba soja ko ɗan lakwal mai neman takarda ba?

Haka muka zauna shekara talatin da wani abu. Ni na yi karatu, aiki ya kawo ni Madawa. Ƙanena ya zauna gida da noma, Inna na hannunsa.

Wata rana ya kira ni a salula ya ce mutanen tele sun zo daga Yamai, suna neman tsohuwar da ta yi aikin dutse, mai gari ya ce a kai su wurin Inna. Lokacin jarrabawa ne, ba halin in bar yara. Na ce ya sa ta ɗaura shuɗin zanenta, kada ya bari ta fito da tsohon mayafin nan da ta ƙi rabuwa da shi. Iyakar gudummawata ke nan. Na sha tunanin da na nemi izini na je, da wataƙila abin bai tafi yadda ya tafi ba.

Bayan watanni aka yi sanarwar ranar da za a sa shirin. Na fito da tele tsakar gida, maƙwabta suka cika tabarmi bayan magariba, kowa na son ganin uwar madam. Aka yi sarewa, aka nuna tsaunuka, sai ga Inna zaune a gindin itacen bedi na ƙofar gidanmu, da tsohon mayafin nan. Ta yi magana irin wadda ake yi wa baƙo. An sha wuya, amma Allah ya kawo sauƙi. An gode wa waɗanda suka taimaka. Saurayin da ke tambaya, wanda muryarsa kawai ake ji, ya ce 'ya'yanta nawa a lokacin. Ta ce biyu. Ban ji komai ba, amsar da na saba ji ce tun ina goye da ƙanena.

Sai aka koma tsohon hoto. Mata na gangarowa a layi, an ɗauko su ta baya. Wata doguwa, da dutse mai faɗi a ka, hannu ɗaya ta tallafe shi, tafin hannun ja da lalle. Kamar wani ya kira ta, sai ta juyo gaba ɗaya da jikinta, yadda mai kaya ke juyowa, ta kalli mai ɗauka ta yi dariya. Wushiryar ta fito.

Ban san na miƙe tsaye ba sai da 'yata ta ja mini zane. Shekara talatin ina ƙoƙarin haɗa fuskar nan a raina tana ƙi, in na kama ido baki ya kuɓuce. Ga ta nan ɗungurungum, ƙuruciyarta ba ta taɓu ba, ni kuma na girme ta nesa ba kusa ba.

Ina tsaye muryar mai bayani ta ce, ga wannan baiwar Allah a wancan zamani, ga ta kuma a yau. Fuskar Yaya ta narke a hankali ta zama ta Inna, tsage a kan tsage. Har ya ƙara da cewa a dubi yadda wahala ke tsofar da matan karkara kafin lokacinsu. Maƙwabta suka ɗauki sowa, wata na cewa ashe Inna an zuba kyau, wata na cewa ga inda madam ta gado tsawo. Na ce, "Ba ita ta ba." Babu wanda ya ji ni, kuma ban maimaita ba.

Da wani ya tsaya ya ƙirga da yatsu, da ya ga lissafin bai fita ba. Yarinyar da ba ta kai ashirin ba a lokacin ba za ta zama tsohuwa tukuf irin Inna ba. Amma wa ke tsayawa ƙirga shekarun matar ƙauye? An riga an san wahala na tsofar da su, magana ta ƙare.

Washegari na kira ƙanena, ban ko gama gaisuwa ba na hau shi. Ya ce in tsaya in ji. Bayan an gama tambayoyi, in ji shi, saurayin ya juya wa Inna kwamfuta ya sa mata tsofaffin hotunan, ya ce ta faɗi in ta ga wadda ta sani. Inna ta yi ta nunawa tana murna, wannan uwar wane ce, waccan ta rasu bara, wannan ita ce mai rowar gishiri. Da doguwar yarinyar ta juyo, sai Inna ta yi shiru, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Saurayin ya tsayar da hoton. Ya dubi tsagen, ya dubi Inna, ya ce, "Inna, ke ce?" Ba ta amsa ba. Ya sake tambaya, ta kau da fuska gefe.

"To ni mi za ni cewa?" in ji ƙanena. "Na ga kama, na ga ta rufe baki. Sai nic ce musu kunya ta ka ji, ita ta."

Na buɗe baki zan ce masa ko bai san yayarsa ba ne, sai na tuna bai san ta ɗin ba. Yana goye a bayana lokacin da aka ɗauki hoton. Ya tashi a gidan da ba a kiran sunanta. Ya gane kunya ce, wannan kam ya gane, sai dai bai san kunyar wa ake ji ba. Na karɓi lambar saurayin a wurinsa na ajiye, na ce da an ba da hutu zan zo gida, daga nan in kira su su gyara.

Raina a ɓace na yi tafiyar. Daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita, ina ta shirya maganar da zan gaya wa mutanen Yamai, har da wadda zan faɗa da Faransanci don ta fi zafi. Gani nake an binne Yaya sau biyu. Ta ɗauki duwatsun nan da wuyanta, ba ta ci inuwar itacen ko ɗaya ba, ba ta bar mai yi mata addu'a ba, sannan abu guda da ya rage nata a duniya, fuskarta, an ɗauka an ba wata. Ta tagar mota ina ganin gandarin da suka jera, yana nan kwance, ƙasa ta cika bayansa, gero ya yi kore a inda da diga ke tsalle. Wannan ma bai sanyaya mini rai ba.

Na isa da rana tsaka. Tun daga nesa na hango mata a gindin bedi, Inna a tsakiyarsu. Ashe ƙanena ya sa wa salularsa guntun shirin, Inna kuma ta ƙwace salular ta zama tata. Ta koyi inda ake dannawa hoto ya tsaya, ita da ko amsa kira sai an danna mata. Na same ta ta kawo gilashin dab da idonta, fuskar Yaya a tsaye a ciki, tana kallo ba ƙyaftawa. Jikokinta mata da sa'o'insu na tsokanarta, wai tsohuwa ta ga kanta ta rasa sukuni, ko abinci sai an yi da gaske. Akwai tsofaffi biyu a wurin da suka yi aikin tare da su, waɗanda na tabbata sun san ko wace ce. Suna ɓarar gyaɗa, ba wadda ta ɗago.

Na tsaya da jaka a hannu. Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta kalli fuskar nan kai tsaye ba, balle a bainar jama'a.

Sai bayan la'asar na same ta ita kaɗai a ɗaki. Salular na kan cinyarta. Na zauna a bakin gado na ce, "Inna, kin san wagga ba ke ta ba."

Ta ce, "Na sani. Tsuhwa niy yi, ba hauka ba."

"Na amso lambassu. Za ni kiran su, su gyara."

"Su gyara mi?"

"Su hwaɗi ko wa ta. Su hwaɗi sunanta, kowa shi ji."

Ta shafa gilashin da gefen mayafi, kamar ƙura ce ta hau.

"In sun hwaɗi," in ji ta, "sai in ɗauke idona ke nan."

Ban gane ba da farko, na ce mata wane ido.

"Tun ran da anka aza mani ita bisa cinya ban ƙara kallon huskatta gaban mutane ba. Sata ni ka yi, in tana kwana, ko in ta ba da baya. Ƙeyatta kam na san ta ƙwarai. Yanzu an ce ni ta. Wa ka hana ma tsohuwa kallon kanta?"

Duk maganganun da na shirya a mota suka zube. Na dai yi ƙarfin hali na ce ai ta haka mutane za su manta da ita. Inna ta ce sun daɗe da mantawa, yanzu ko ba komai suna kallon ta, har suna cewa tana da kyau. Ta ce waccan na raye ba ta taɓa samun bakin amsa wa mai yaba ta ba, yanzu kuwa in an yaba sai ta yi dariya ta ce an gode. Ta ce in bari sai bayan ranta, in yi abin da na ga dama.

Ta danna hoton ya ci gaba. Yaya ta yi dariyarta, ta juya, aka yanke zuwa tarakta. Inna ta mayar da shi baya, ta sake, ta sake. Sannan ta ce, ba da ni take ba sosai, "Dutsin ga ya yi mata yawa. Kuma ba su nuna inda anka sauke mata ba."

Ban kira Yamai ba a wannan hutu. Na kwana biyu ina kallon Inna tana kallon 'yarta a gindin bedi, a tsakar gida, a gaban baƙi, tana miƙa wa duk wanda ya zo gaisuwa ya gani. Na yi baƙin ciki, na kuma ji kunyar baƙin cikina, don ban taɓa ganin ta cikin walwala irin wannan ba. Abin da al'ada ta hana ta shekara hamsin, kuskuren wani yaro ɗan birni ya ba ta. Ban san yadda zan yi da wannan ba, har yanzu ban sani ba.

Inna ta ƙara 'yan damuna sannan ta cika. Tsofaffin nan biyu masu ɓarar gyaɗa, ɗaya ta riga ta, ɗaya ta bi bayanta. Bayan an share makoki na nemo lambar na kira. Saurayin ya ɗauka, mai ladabi ne ƙwarai. Na gaya masa komai, ban ko yi Faransancin ba. Ya roƙe ni gafara. Ya ce sau biyu ya tambaye ta. Na ce na sani. Ya ce ya bar wurin aikin, kuma shirin an riga an rufe shi, ba a buɗewa, sai dai in wata rana an yi sabo. Ban iya yi masa faɗa ba. Ya yi tambayar da ta dace, shirun ne bai iya karantawa ba. Wataƙila shi ɗan fari ne da uwarsa ke kiran sunansa tun daga ƙofar gida.

Shirin na nan ana maimaitawa. Yara a lakwal suna kallonsa, wasu malamai ma da shi suke koyar da tarihin shekarun. In an zo wurin da doguwar yarinya ta juyo, maƙwabtana sukan ce Allah ya jiƙan Inna, ni kuma in ce amin, in bar wa Allah rabon addu'ar.

A maimaicin da ya wuce, muna zaune ni da 'yata mu biyu, na ce mata, "Wagga ba kakarki ta ba. Yayata ta." Na faɗi sunan da ƙarfi. Ya yi mini nauyi a baki, don rabon da a kira shi a ɗaki tun ina yarinya. 'Yata ta dube ni, ta dubi tele, ta ce ai su sun ce Inna ce. Na ce su ba su nan, ni ina nan. Ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda don kada in fara. Can ta ce to in ba ta labarinta, yaya take?

Na gaya mata lallen, da "madam", da kwaikwayon mai usur. Tana dariya, ni kuwa ina magana ina jin wani abu na kuɓuce mini. Labaran suna nan a bakina, amma in na rufe ido don in ga Yaya tana yin su, ba ta zuwa. Da can, kafin shirin, fuskarta ce ba na samu, amma ina ganin ta zaune tana ƙunshi, ina ganin ta kwance a tabarma tana kaɗa ƙafa, ina ganin ta da ƙoƙon furar da na ce ni na rage. Yanzu na samu fuskar, sauran sun tafi. Duk ta inda na kira ta, daga tudun nan take gangarowa, ta juyo, ta yi dariya, a yanke.

Yawancin kwanakinta a duniya babu komai a kanta sai ɗankwali. Amma yanzu ko a mafarki da dutsen take zuwa mini, ta iso ta tsaya tana jira, kuma mai cewa a sauke mata ba ta nan.